Kunamar bindigar farauta: mai taushi ko mai tauri?

 Idan an gama girbi, hunturu ya kama, maharba kan fito da bindigoginsu, sai gardama ta tashi a kan kunama: wannan ya ce mai taushi yake so, wancan ya ce sai mai tauri. Ga bayaninta.

Kunama ita ce ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja. Ba ita ke tada albarushi da kanta ba. Aikinta ta saki wani ƙarfe da aka ɗana, shi kuma ya sari wurin da wuta ke kamawa. Nauyin kunama kuwa shi ne yawan ƙarfin da yatsa zai sa kafin ta saki. A bindigogin farauta na masana'anta yakan kama daga kilo ɗaya da rabi zuwa kilo biyu. Ƙaramar bindiga ta hannu ƙirar Glock tana kusan kilo biyu da rabi, wasu ƙananan ma har kilo biyar, da gangan, don kada su tashi da wuri. Ko a gasar Olamfik, inda ake son kunama mai sauƙi, ba a yarda ta ƙaramar bindigar iska ta gaza giram 500 ba.

Masu son mai taushi suna da hujja. In kunama ta yi tauri, garin ja sai hannu ya motsa, bakin bindiga ya kauce, zabo ko fakara su tashi a bar ka da hayaƙi. Akwai kuma abin da ya fi nauyin muhimmanci ga maharbi, wato yadda take saki. Wata tana jan ƙafa, ka ja, ka ja, ba ka san inda za ta tsinke ba. Wata kuwa tak, sau ɗaya, kullum a wuri guda. Mai tauri da ke saki a wuri guda ta fi mai taushi mai yaudara.

To, amma mu nan yawanci adaka ce a hannun mutane, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daka, ƙirar maƙeranmu. Turawa suna kiran irinta bindigar Danmak, saboda fataken ƙasar da suka yi cinikinta a gaɓar tekun Gana ƙarnoni da suka wuce. Adaka ba ta da ma'auni guda, kowace da halinta, kuma galibi ba ta da makullin da ke hana ta tashi. A nan ne maganar taushi ke da haɗari. Sau da yawa adakar da ake yabo wai kunamarta ta yi laushi, cinyewa ƙarfen ya yi, riƙon da yake yi ya ragu. Irin wannan ba ta jiran yatsa. Faɗuwa daga kafaɗa, girgizar babur a hanyar Tibiri, ko ƙaya ta kama ta a cikin sabara, ya isa. Mu dai a ganinmu, kunamar da ta sauya hali ba tare da kowa ya taɓa ta ba, ajiye bindigar ya kamata, ba alfahari da ita ba.

Kada a ce ƙirar gida ce kawai ke haka. A shekarar 2014 kamfanin Remington na Amurka ya nemi a maido masa da bindigogin farautarsa ƙirar 700 da aka ƙera tsakanin 2006 da 2014, don kunamar wasu na iya tashi ba a nufa ba.

Wani hali na adaka shi ne jinkiri. In albarushi ya sha raɓa, sai ka ja kunama ka ji shiru, bayan ɗan lokaci ta tashi. Mai leƙa bakinta a wannan tsakani, Allah ya kiyaye. Shi ya sa ake barin bakin yana kallon daji a jira, ba a ɗana ta sai an ga nama, ba a shiga gari ko gida da ita a ɗure, balle a jingine ta inda yara ke wasa. A farautar taro, inda samari da karnuka ke gaba, abin ya fi tsanani.

Sai batun doka. Dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ke tsara farauta a Nijar, ta kuma jera namun da aka hana kashewa. Takardar izinin farauta daga ma'aikatan gandun daji take fitowa, ta riƙe bindiga kuwa daban take, wajen hukumomin cikin gida. A gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, farauta haramun ce ɗungum. Ga kuma halin da muke ciki a bakin iyaka: tun 2019 hare-haren ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasunsu a nan Cadakori. Mutum da bindiga a daji da dare ba takarda, jami'an tsaro ba su da hanyar sanin zomo ya fito nema. Wanda ke da makami ba bisa ƙa'ida ba kuma yana son rabuwa da shi, akwai hukumar CNCCAI mai karɓar irin waɗannan makamai, tana aiki tun 1994.