Wa Ke Riƙe da Totur ɗin Wayarka?

Musun ya taso ne a rumfar wani mai cajin waya a cikin garin Birnin Gwari, inda wayoyi ke jere a kan katako kowace da lambarta, inji na ruri a bayan rumfa. Wani direba mai jigila tsakanin Kaduna da garin ya rantse da Allah cewa kamfanoni ne ke sa waya nauyi da gangan don a sayi sabuwa. Hujjarsa, da zarar cajin Tecno ɗinsa ya yi ƙasa, ko ta sha rana a gaban mota, sai ta koma tafiyar hawainiya. Yaron mai gyara ya ce masa a'a Baba, bairos ne. Ni dai ina gefe ina jiran tawa ta cika, ban sa baki ba, amma maganar ta bi ni har gida.

Direban bai rasa madafa ba. A Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya gaji, kuma a Fabrairun 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai gaya wa masu saye ba. Laifin dai na ɓoyewa ne. Shi kansa rage gudun ya girmi iPhone nesa ba kusa ba, kuma a yawancin wayoyin da ke kan katakon nan, Tecno da Itel da Infinix, a fili aka rubuta shi, cikin kanel ɗin Linux, wato ƙashin bayan manhajar Android wanda ke tsaye tsakanin ƙarfe da duk abin da kake taɓawa a fuskar waya.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar waya ko kwamfuta, tana aiki ne da bugun agogo, kowane bugu taki ɗaya. Gigahaz biyu na nufin bugu biliyan biyu a daƙiƙa. Idan ana son ta yi sauri, dole a ƙara mata ƙarfin wuta, wato boltej, kuma cin wutar ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da boltej ɗin, ninka kansa yake yi. Aikin da aka yi da bolt 1, idan aka lallaɓa aka yi shi da bolt 0.7, kusan rabin wutar kawai zai ci. Duk ɗan acaɓa ya san wannan lissafin ko bai taɓa shiga aji ba: wanda ya murɗe totur har ƙarshe zai riga kowa isa, zai kuma riga kowa tura babur. Tarihin da nake son bayarwa shi ne na hannun da ke kan totur ɗin.

Zamanin farko ba shi da labari mai yawa. Furosesar Intel 8086 ta 1978 tana da umarnin dakatawa har sai an taɓa ta. Kwamfutar IBM ta 1981 gudu ɗaya ta sani, megahaz 4.77. Daga baya aka sa wa kwamfutoci maɓallin turbo, mutum ya danna da yatsa. A 1992 Intel da Microsoft suka fito da APM, wanda ya bar hukuncin kashe fuska da kwantar da inji a hannun BIOS, 'yar manhajar da ke manne a allon inji, wadda ba ta san ko kana rubutu ko ka tafi masallaci ba. A Disambar 1996 su biyun da Toshiba suka kawo ACPI, suka miƙa hukuncin ga babbar manhaja.

Inda abin ya fara daɗi shi ne 1994. Mark Weiser da abokan aikinsa uku a cibiyar binciken Xerox PARC da ke Kalifoniya suka gabatar da takarda mai cewa manhaja ta riƙa duba ɗan lokacin da ya wuce, ta ga nawa furosesa ta yi a zaune, ta rage ko ta ƙara gudu a kan haka. Sun gwada dabarar ne da bayanan aikin da suka tara daga kwamfutoci, domin furosesa mai iya hakan ba ta shiga hannun jama'a ba tukuna. Weiser ya rasu a 1999. A shekara ta 2000 abin ya fito kasuwa ta ƙofa uku: SpeedStep na Intel, PowerNow! na AMD, da LongRun na wani ƙaramin kamfani mai suna Transmeta.

Masu ba da wannan tarihi sukan ce zafi ne ya tilasta. Suna nuna Pentium 4, wadda ta tsaya a gigahaz 3.8 har Intel ta soke shirin ta gigahaz 4 a 2004. Wasu kuma su ce kuɗin wutar manyan rumbunan kwamfuta ne. Ban ƙaryata su ba, amma kwanan wata ba ya goyon bayansu. Wanda ya buɗe babban fayil ɗin cpufreq, sashen kanel mai kula da gudu, zai ga sunan Russell King da shekarar 2001 a samansa, kuma King shi ne mai kula da ɓangaren ARM, furosesar ƙananan na'urori. Cikin manhajojin farko akwai na Johan Pouwelse da Erik Mouw na jami'ar Delft a Holan, waɗanda tare da Jan-Derk Bakker suka ƙera wani ɗan allo mai suna LART da furosesar StrongARM, suna sauya gudunta daga wajen megahaz 59 zuwa sama da 200. Masu fama da ƙaramin batir ne suka fara, masu manyan injuna suka tarar an share hanya. Talaka ne ke ƙirga ƙwayar hatsi, mai rumbu sai ya ga ƙasan rumbu yake fara awo.

A 2002 aka kai wa Linus Torvalds, jagoran Linux, aikin, ya mayar da shi. Tsarin da aka kawo masa na cewa furosesa ne: yi gudu kaza. Shi kuwa a lokacin ma'aikacin Transmeta ne, ya san furosesarsu ita ke zaɓar gudunta da kanta, abin da take buƙata kawai a gaya mata iyakar ƙasa da ta sama. Dominik Brodowski, wani Bajamushe, ya sake ginin a kan haka: iyaka biyu, da wata 'yar manhaja mai yanke hukunci a tsakaninsu. Sunan da suka ba ta gwamna. Asalin kalmar daga na'urar daidaita gudun injin tururi ne, amma duk ɗan Najeriya da ya ji za a iya sauya gwamna da rubuta kalma ɗaya a fayil sai ya yi murmushi. Gwamnonin farko ba su da wayo: ɗaya kullum a sama, ɗaya kullum a ƙasa, na uku sai abin da mai inji ya ce. A 2004 aka samu ondemand daga Venkatesh Pallipadi da Alexey Starikovskiy na Intel, wanda ke leƙa nauyin aiki lokaci-lokaci, idan ya haura kashi 80 cikin ɗari ya zabura zuwa ƙololuwa, idan ya lafa ya sauko. Dabarar Weiser ke nan bayan shekara goma.

Sai dai rage gudu rabin magani ne, kuma a ganina ƙaramin rabin. Transisto na yoyon wuta ko ba ya aiki, kamar randa mai tsagu. Saboda haka sau da yawa ya fi riba a gama aiki da sauri a kwanta barci mai nauyi, a kashe sassa ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce Linux 2.6 na farko yana ta da furosesa sau 1,000 a daƙiƙa don kawai ya duba agogo. Wa zai yi barci ana ƙwanƙwasa masa ƙofa haka? A Afrilun 2007, cikin Linux 2.6.21, aikin Thomas Gleixner da Ingo Molnar ya ɗauke wannan bugun idan babu aiki. A shekarar Arjan van de Ven ya fito da PowerTOP, mai tona asirin manhajojin da ke hana inji barci, sannan a farkon 2008 cpuidle ya shigo don zaɓar zurfin barcin. A 2007 ɗin ne kuma korayen kwamfutocin yara na shirin OLPC, masu Linux a ciki, suka isa makarantar firamare ta Galadima a Abuja. Shirin bai je ko'ina ba a ƙasar nan, amma tambayarsa, yadda inji zai rayu inda babu wuta, ita ce tambayar rumfar caji.

Android ya fito a 2008 da nasa tsaurin ra'ayi: waya ta kasance a sume kullum, sai manhajar da ke da uzuri ta riƙe ta a farke. Masu kula da kanel suka ƙi tsarin, aka shekara biyu zuwa uku ana cacar baki, har Rafael Wysocki ya shigar da wani sulhu a Linux 3.5 a 2012. Ina ganin Google, mai Android, ce ke da gaskiya a wannan faɗan, ko da hanyarta ba ta da kyan gani.

Mutanen Birnin Gwari sun gwada maganar barcin waya da jikinsu. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse sabis a sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindigar da ke dajin, bayan Zamfara ta yi hakan a farkon watan, kuma sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da maido da shi. An kuma hana sayar da fetur a jarka, abin da ya shaƙe masu injin caji. Waya ba kira ba saƙo, amma caji na zuba, domin sashen rediyonta na ta laluben turken da ba ya amsawa. Wanda ya sa tasa a yanayin jirgi, yana kunna ta don tocila ko karatun Alƙur'ani kawai, sai ya ga ta kwana biyu uku ba ta nemi caji ba. Furosesa ɗaya, gwamna ɗaya, bambancin kawai an bar ta ta yi barci.

Abin da ya biyo baya gyaran fuska ne mai muhimmanci. ARM ta sanar da big.LITTLE a 2011, manyan ƙwayoyi da ƙanana a furosesa ɗaya. Furosesar Helio G85 da ke cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa tana da manya biyu da ƙanana shida. A 2016, cikin Linux 4.7, Wysocki ya kawo schedutil, wanda ya daina leƙe daga waje, yana karɓar labari kai tsaye daga sashen da ke raba wa ƙwayoyi aiki. A Maris 2019 Linux 5.0 ya koya wa wannan sashen lissafin wace ƙwaya ce za ta yi aikin da wuta kaɗan. Akwai kuma sashen zafi, wanda ke sauko da iyakar sama idan ma'aunin ya hau. Shi ne ya kama wayar direba a gaban mota, ba bairos ba. Ita kuwa manhajar adana batir da ake saukewa, da tallace-tallacenta, sau da yawa ita ce mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da ke ɗan ci mini rai shi ne totur ɗin na komawa inda ya fito. Tun furosesar Skylake ta 2015, Intel ta bar ƙarfen ya zaɓi gudunsa, kanel ya ba shi iyaka biyu da shawara kawai, daidai abin da Transmeta ke yi a 2000. Ƙarfe ya fi saurin yanke hukunci, ban musa ba. Amma lissafin ondemand kowa na iya buɗewa ya karanta, ya ga 80 ɗin nan, ya sauya ta. Na cikin ƙarfe kamfani kaɗai ya san shi, kuma a kansa ba ni da abin da zan nuna wa direban idan na sake tarar da shi a rumfa.