Inda Itacen Murhunmu Yake Fitowa, Jiya da Yau

Duk wanda ya ratsa Ngojin da hantsi zai ga tarin itace a ƙofar gidaje, ga mai faskare yana ta fama da gatari. Sana'a ce da ba a cika yi mata kirari ba, amma da ita ake toya ƙosai, da ita gidan burodi yake tashi, kuma gidaje da yawa a cikinmu da ribarta ake cefane. Masu ita kuwa abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya yanzu shi ne inda za su samo kayan.

A da ba haka abin yake ba. Lokacin da Sarkin Fika ya dawo da fadarsa Potiskum a 1924, garin bai taka kara ya karya ba, daji kuma yana bayan gida. Kakanninmu da fatauci da almajiranci suka kawo su ƙasar Ngizimawa da Karekare da Bolawa sun tarar da itace abin tsinta ne. Mata da yara su yo kai guda, mai jaki ya yo kaya ya kewaya gari. Baƙo dai ba ya saran daji sai da iznin bulama, domin ƙasa da masu ita.

Mutanen da sun san itace kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Marke shi ne sarki: ga nauyi, ga garwashi mai daɗewa, ga ƙarancin hayaƙi. Kirya ta maƙera ce, saboda gawayinta. Sabara da kalgo na talaka ne, ka sare su bana su tofo baɗi. Kuka kuwa ko kyauta aka ba ka ba ta yi maka wuta, wataƙila shi ya sa har yau take tsaye a inda marke ya ƙare. Tsamiya da ɗorawa da aduwa ba a kayar da su, don abin da suke haifa ya fi itacensu daraja.

Turawa ne suka sa takarda a tsakanin mutum da daji. A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana tahowa ta cinye arewacin Nijeriya. Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya zaga kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce Baturen ya zuzuta. Duk da haka tsoron ya zauna. En'e ta keɓe gandun daji, aka sa malaman daji, saran wasu itatuwa ya koma sai da lasin. A zamanin ne kuma darbejiya, wadda ake ce wa maina a nan gabas, ta bazu, bayan an fara dasa ta a lardin Barno wajen 1928. Yau reshenta yana cikin abin da masu itace suke saye idan an yi wa bishiyar gida aski.

Fari na 1973 da na 1984 su suka mai da itace haja sosai. Manomin da gonarsa ba ta yi ba, gatari ya rage masa. Bishiyoyi da yawa sun mutu a tsaye, aka yi ta lodi. Gari kuma yana ta faɗi, musamman bayan an ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, ga kasuwar shanu tana jawo jama'a daga ko'ina. Jaki ya ba amalanke wuri, amalanke ta ba a-kori-kura, tafiya ta miƙa kudu wajen ƙasar Fika da abin da ya yi gaba. Daga nan ƙaramin mai sana'a ya daina shiga daji da kansa, ya koma jiran mai mota, shi kuma mai mota yana lissafa masa kuɗin mai da na haraji da na shingen hanya a cikin kowane lodi.

Sai rikicin Boko Haram ya zo, aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe a watan Mayun 2013, dazukan Gujba da Gulani suka gagari shiga. Gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016, na fetur a 2023. Masu risho suka koma murhu, kuɗin ɗauko itacen kuma ya hau.

Mu a ganinmu ɗora wa mai itace laifin hamada shi kaɗai bai yi ba. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna cewa bishiyoyin gonakin da ke kewaye da birnin ba su ragu ba, duk da yawan murhun Kanawa. Dalili kuwa, bishiyar gona tana da mai ita: sai ya sassare reshe ya sayar, ya bar uwar. A Maradi ma, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a ƙone shi. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar ta kai hekta miliyan 5, kuma manoman can suna sayar da itace daga gonakinsu.

Wannan ƙofa a buɗe take ga mai ɗan jari a unguwarmu. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da mu, ta wajen Mamudo da Nangere, suna rage wa itatuwan gona rassa kafin shuka don kada inuwa ta danne gero. Wanda ya yi ciniki da su tun cikin bazara, da sanin bulama da malamin daji, zai kwaso a amalanke ba tare da kuɗin mai ba, ya shanya, ya jibge a rumfa kafin ruwa ya sauka. Da damina, lokacin da hanyoyin daji suka ɓaci kuma ɗanyen itace ya cika kasuwa, busasshen faskare shi ake bi har gida.