Farautar Ƙwan Ista: Daga Lambunan Jamus Zuwa Fadar White House

Farautar ƙwan Ista wasa ne na yara da ake yi a Turai da Amurka lokacin bikin Ista, wanda a cikinsa Kiristoci ke tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu. A cocin Yammacin duniya bikin yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, daidai lokacin da hunturu ya janye, ciyawa ta fara tsiro. Manya su ɓoye ƙwai masu launi a cikin ciyawa da gindin furanni, a saki yara da kwanduna, kowa ya tsinci rabonsa.

Asalin ƙwan daga azumi yake. A Turai ta zamanin da, coci ta hana cin nama da ƙwai a azumin kwana 40 da ke gabanin Ista. Kaji kuwa ba ruwansu da dokar coci, suka ci gaba da saka ƙwai. Sai a dafa a ajiye, ranar biki a rina a raba. Har gobe Girkawa ja suke rina nasu, alamar jinin Almasihu.

Ɓoyewa da nema kuwa, Jamusawa aka fi dangantawa da su. A 1682 wani rubutun likitanci ya fito a Heidelberg da sunan Farfesa Georg Franck von Franckenau, yana bayanin yadda a yankin Alsace da maƙwabtansa ake ce wa yara zomo ne ke saka ƙwai ya ɓoye a lambu. Rubutun ya kuma ja kunne kan illar cin dafaffen ƙwai fiye da ƙima, wato tun farkon tarihin wasan akwai mai faɗin a yi hattara. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18 ne suka tsallaka da zomon zuwa Amurka. A Ingila, Sarauniya Victoria ta taso tana neman ƙwai a Fadar Kensington, domin mahaifiyarta Bajamushiya ce.

A birnin Washington wasan ya ɗauki wani salo, mirgina ƙwai daga kan tudu. A farkon shekarun 1870 yara kan cika harabar Majalisar Dokoki ranar Litinin ɗin Ista, su gangara da ƙwai, su ma su gangaro a bayansu, su bar ciyawa a tumurmushe da ɓawo ko'ina. 'Yan majalisa suka hasala. A 1876 suka kafa dokar hana wasa a harabar, Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu. Shekara ta gaba ruwan sama ya hana fita, don haka dokar ba ta ciji kowa ba sai 1878. A shekarar ce Shugaba Rutherford Hayes ya buɗe wa yara filin kudu na Fadar White House, kuma can wasan ya zauna.

Daga nan tarihin taron ya zama tarihin shawo kan cunkoso. Da jama'a suka yi yawa, aka ce babba ba zai shiga ba sai yana tare da yaro. Yaran Washington suka mayar da dokar sana'a: yaro ya riƙe hannun baƙo ya shigar da shi, ya karɓi 'yan kuɗinsa, ya zagayo ya kama wani. A ƙarshen shekarun 1930 sai da jami'an tsaron fadar suka tsaya a ƙofa don kashe wannan ciniki. An dakatar da taron lokacin yaƙin duniya na ɗaya, domin ba a ga dacewar fasa ƙwai ana tattalin abinci ba. Yaƙi na biyu da gyaran ginin fadar suka sake rufe shi, har Shugaba Eisenhower ya dawo da shi a 1953. Tseren tura ƙwai da cokali ya shigo a 1974, ƙwan katako mai sa hannun mashahuran mutane a 1981, zamanin Shugaba Reagan. Annobar korona ta hana taron a 2020 da 2021.

Ƙa'idojin da masu shirya irin wannan wasa ke bi a coci da makaranta da filin unguwa, kowace tana da dalilinta. Hukumomin abinci na Amurka sun ce dafaffen ƙwai kada ya wuce awa 2 a wajen firji, wanda ya fashe a ƙasa kuma ba na ci ba ne. Wannan na cikin abin da ya sa ƙwan roba mai buɗewa biyu ya mamaye fili, a cusa alewa a ciki. Shi ma ya zo da nasa: ƙaramar alewa ko ɗan abin wasa na iya maƙale wa yaron da bai kai shekara 3 ba a maƙogwaro. Shi ya sa ake raba fili da igiya bisa shekaru. Ana kuma guje wa bakin titi da bakin ruwa, a ƙirga ƙwan da aka ɓoye, a sake ƙirgawa bayan an tashi. Ga yara makafi, ana haɗa ƙwai masu ƙara da ake bi da kunne.

Amma babbar barazanar da aka gani a shekarun baya-bayan nan iyaye ne. A 2012 aka soke wata farauta a Colorado Springs saboda a shekarar da ta gabata iyaye sun tsallake igiya suna wawashe wa 'ya'yansu ƙwai. A 2016, a garin Orange na jihar Connecticut, an baza ƙwai fiye da 9,000 a filaye uku bisa shekarun yara, manya suka afka tun kafin a ba da izini, taron ya watse. Duk mai shirya wasan da ya bar babba ya ƙetare igiya, ya riga ya ɓata wa mafi ƙanƙantar yaro ranarsa.

A White House yanzu ba a shiga da layin ƙofa. Tikiti kyauta ne, ana samunsa ta hanyar ƙuri'a a intanet, ana shigar da jama'a rukuni-rukuni a lokuta daban-daban, kuma ana ba yara ƙwan katako idan za su fita.