Bateshwar: Kufan da Tsoron 'Yan Fashi Ya Kare

A gundumar Morena ta jihar Madhya Pradesh a tsakiyar Indiya, kusa da ƙauyen Padavali, akwai wani gangaren tsauni da ake kira Bateshwar, kimanin kilomita 35 arewa da birnin Gwalior. A nan ne aka gina haikalai wajen 200 tsakanin ƙarni na 8 da na 10, a zamanin daular Gurjara-Pratihara, wadda ta mallaki yawancin arewacin Indiya a lokacin. Galibinsu ƙanana ne, an keɓe su ga Shiva da Vishnu da Shakti, manyan ababen bautar mabiya addinin Hindu.

Masana sun yi saɓani a kan abin da ya rushe su: wasu sun ce girgizar ƙasa, wasu sun ce yaƙi. Ko ma mene ne, lokacin da Alexander Cunningham, Baturen da ya kafa hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya, ya ziyarci wurin a 1882, ya tarar da mafi yawansu a zube, duwatsu a kan duwatsu. Haka suka ci gaba da zama fiye da shekara 100.

Yankin kogin Chambal ƙasa ce ta kwazazzabai, kuma ya daɗe da yin suna a matsayin maɓoyar 'yan fashi. Talakawa sun sha azabarsu, ba abin yabo a cikin aikinsu. Amma tsoronsu ya hana wasu ɓarayin shiga. A wurare da dama na Indiya, tsofaffin haikalai sun ƙare ne a hannun masu kwashe sassaƙaƙƙun duwatsu su kai kasuwar kayan tarihi, ko masu ɗibar dutse don gina gida. A Bateshwar kuwa, kaso mai yawa na duwatsun ya tsaya kusa da inda ya faɗi.

Wannan ne ya sa gyara ya yiwu. A 2005 K. K. Muhammed, Musulmi ɗan jihar Kerala, wanda ke shugabantar reshen hukumar na Bhopal, ya ɗauki aikin. Sai da ya fara neman yardar masu bindiga kafin ya taɓa dutse ko ɗaya. Babbansu a lokacin shi ne Nirbhay Singh Gujjar. Bisa ga labarin da Muhammed ya sha bayarwa, ya shawo kansa ne da cewa sarakunan da suka gina haikalan Gurjara ne, wato kakanninsa. Masana tarihi za su iya jayayya a kan ƙarfin wannan nasaba, amma maganar ta ratsa shi, aka bar ma'aikata suka shiga.

Aikin kansa na haƙuri ne. Magina na farko ba su yi amfani da ƙwaɓi ba. Sun sassaƙa kowane dutse ya zauna daidai a kan ɗan'uwansa, nauyi ne ke riƙe ginin. Saboda haka mai gyara ba sabon gini yake yi ba. Zai share ciyayi da ƙasa, ya gano harsashi, sannan ya bi tarin duwatsu yana neman wanda bakinsa ya dace da gurbin: wannan ginshiƙi na wane haikali ne, wannan dogaran ƙofa na wace ƙofa ne, wannan kan hasumiya daga ina ya gangaro. Da yake haikalan suna kama da juna kuma sun zube cikin juna, kuskure ɗaya a ƙasa yakan hana na sama zama. A cikin 'yan shekaru an tayar da haikalai fiye da 60.

'Yan sanda sun kashe Nirbhay Gujjar a watan Nuwamba na 2005, sauran gungun 'yan fashin ma suka yi ta watsewa. Da daji ya yi lafiya, sai masu fasa dutse ba bisa ƙa'ida ba suka matso kusa. Nakiyar da suke tayarwa tana girgiza ƙasa, ga shi kuwa gini ne da ba abin da ke riƙe shi sai nauyinsa. Muhammed ya kai kuka ga hukumomin jihar bai ga sauyi ba, har ya rubuta wa K. S. Sudarshan, shugaban ƙungiyar RSS ta 'yan kishin Hindu, wadda ke da faɗa a ji a jam'iyyar BJP mai mulkin jihar. Bayan haka ne aka taka wa masu haƙar birki a kewayen haikalan.

Harkar ba ta mutu a gundumar ba. A watan Maris na 2012, wani matashin jami'in 'yan sanda mai suna Narendra Kumar ya tare wata tarakta ɗauke da dutsen da aka haƙa ba bisa ƙa'ida ba a Banmore, cikin Morena, ta take shi ya mutu. A shekarar ce Muhammed ya yi ritaya, ya bar sauran haikalan a zube a kan gangaren, suna jiran masu jera su.