Ƙiryar Maƙera da Gawayin Birni

Kakana maƙeri ne a Surko, kuma a iya sanina da shi bai taɓa sayen gawayi da kuɗinsa ba. Idan an gama girbi an kai amfani gida, sai ya ɗora wa jaki mangala, ya saɓa gatari, ya nausa daji, ni kuma ina biye ina tuntuɓe. Ƙirya yake nema, ita ma ba kowace ba, sai wadda ta bushe a tsaye ko wadda iska ta kayar. Ya daddatsa ta, ya jera a rami, ya cinna wuta, in ta ci sosai ya turbuɗe ta da ƙasa mu koma gida. Bayan kwana biyu ko uku mu dawo mu tone. Wata rana na gaji da tafiya, na nuna masa wata ƙatuwar ɗanya, ganye shar, na ce, "Tsoho, ga babba nan kusa, me zai kai mu nesa?" Ya harare ni ya ce, "Kai dai rago ne. Wannan ta jikanka ce, in ma akwai wadda za ta aure ka."

Ba don camfi maƙera suka riƙe ƙirya ba. Itace ne mai nauyi da tauri, gawayinsa na daɗewa yana ci, kuma in ana zuga shi zafinsa kan kai ƙarfe ya yi laushi kamar nakiya. Gawayin itace mai taushi kuwa, kafin ka ɗauko masaba ya zama toka. Sannan ƙirya ba ta maƙeri ba ce shi kaɗai. Masassaƙi na son ta don turmi da taɓarya da ƙota, mata na yin daddawa da 'ya'yanta, awaki na cin kwansonta da rani. Itacen da mutane da yawa ke da ido a kansa haka, ba a sare shi a ɓoye. Abin da maƙerarmu ke ci a shekara kuwa bai wuce 'yan mangaloli ba, ga shi da su ake ƙera fartanya da garma da lauje na ƙauye guda.

Kada a ɗauka mutanen da can ba su ci daji ba. Sun ci. Kafin ƙarfen Turawa, sai an narka tama ake samun ƙarfe, kuma narkar tama aikin cin gawayi ne ba kaɗan ba. Masu binciken kayan tarihi sun gano cewa ana wannan aiki a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarafa suka fara shigowa da araha, daga baya tsofaffin ƙarafan mota suka cika kasuwa, sai narkar tama ta mutu murus. Kakana labarinta kawai ya ji a bakin nasa uban. Ta nan ƙirya ta samu hutu, amma jirgin da ya kawo hutun shi ne ya buɗe cinikin gyaɗa, gyaɗa kuma fili take so. Aka shiga sassabe.

Muna 'yan makaranta an taɓa kai mu duwatsun Birnin Kudu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da can suka zana shanu a jikin dutse. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, tare da duwatsun da in ka ƙwanƙwasa suke amo kamar ƙararrawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shanun ba su da tozo. Ba irin bunajin da Fulanin yankinmu ke kiwo yau ba ne. Wato ƙasar nan ta sha sauya kama tun kafin a haifi kakan kakana. Ban yi mamakin sauyi ba. Saurinsa a zamaninmu ne ya dame ni.

Turawa sun shigo da tsoron hamada. A 1935 wani masanin daji mai suna Stebbing ya yi shelar cewa Sahara na gangarowa za ta cinye Arewa. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Najeriya da Nijar daga 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce maganar ta yi gishiri da yawa. Duk da haka dokar daji ta 1937 ta ba En'e ikon keɓe gandun daji da hana sare wasu itatuwa sai da takarda. Niyyar ba laifi. Sai dai dajin da a da mai gari da maharba da maƙera da makiyaya kowa ya san iyakarsa a ciki, ya koma "na hukuma". Muddin En'e na da ƙarfi, malamin daji na zagayawa a kan keke, ana jin tsoro. Da aka rushe En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, sai mai dajin ya ƙara nisa: yana Kano, daga 1991 kuma yana Dutse. Tsoro ya tafi, tsohuwar kunya kuma ba ta dawo ba.

Har zuwa wannan lokaci, gawayi bai zama abin girki ba. A ƙauye da kara da ƙirare ake dafa tuwo. A birni ma'aikaci na da risho, kananzir kuma araha. Gawayi na maƙeri ne, da mai guga, da kaskon jin ɗumi na tsofaffi da hunturu. Wahalar kananzir ta shekarun 1990, zamanin Abacha, ita ta fara shigar da kurfoti gidajen da a da suke ganin ya yi musu ƙauyanci. A 2016 aka janye tallafin kananzir. Aka ce a koma gas, wasu suka koma, sai ga janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi, tukunyar gas ta gagari mai albashi. Ga kuma yawan baki. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 ta ba da miliyan 140, a cikinsu ƙaramar hukumar Birnin Kudu kaɗai ta haura dubu 300. Duk waɗannan sai sun ci dafaffe. Ƙara da gidajen burodi da masu shayi da masu tsire, da 'yan kasuwar da ke fitar da gawayi zuwa Turai da ƙasashen Larabawa.

Lissafin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, a irin ƙonawar da ake yi ta binne itace da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Sauran ya tafi a hayaƙi. Mai neman cika mota kuma ba ya jiran busasshiya. Na ga wurin ƙuna ɗaya a hanyar Gwaram shekarun baya: tudun ƙasa kamar sabon kabari yana fitar da farin hayaƙi, kewaye da kututtura masu zubar da ruwa, injin yanka a jingine, samari uku sun yi baƙi ƙirin har haƙoransu na ƙyalli. Na ce, "Sannunku da aiki, samari. Ƙirya ce?" Babbansu ya yi dariya ya ce, "Baba, ina ƙirya yanzu? Marke ne da kanya, har kaɗanya in ta samu." Ban iya yi musu faɗa ba. Na san gonar uban kowannensu, an raba ta har ta kai in ka tsaya a tsakiya za ka tofa yawu a ta maƙwabci. Da rani ko dai gawayi ko ci-rani.

Akwai wani abu da na daɗe ina gani da ido kafin in tarar an rubuta shi. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, da abokan aikinsa sun yi nazarin itacen girki na Kano, aka buga a 1990. Sun tarar cewa a karkarar da ke kewaye da birnin, inda mutane suka fi cunkoso, itatuwan gona ba su ƙare ba, har bayan farin 1973. Manomi na sassaɓe reshe, amma ba ya kashe ɗorawarsa ko kukarsa. Itacen da birni ke ci kuwa motoci ke ɗauko shi daga dazuzzuka masu nisa. Haka abin yake a Surko. Tsamiyar gonarmu da gawon da ke kan iyaka suna nan, don kowa ya san masu su, har a rabon gado ana ambatonsu. Wanda ya tafi shi ne dajin da babu mai cewa nawa ne. A ƙasar Maraɗi ma, daga wajen 1983, da manoma suka fara barin tohon kututture ya girma a gona, abin da suke kira sassaben zamani, kuma hukuma ta sassauta ta bar musu itacen ya zama nasu, ƙasar da aka fid da rai da ita ta sake yin duhu, ana maganar kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba da dashe aka yi ba, ba kuma da tara ba.

Shi ya sa da gwamnatin Jigawa ta sanar da hana sare itatuwa don gawayi ba da izini ba a farkon 2024, na ce madalla, amma ban yi guɗa ba. Hani ba ya sauko da kuɗin gas, ba ya kuma ba itace uba. Shukar bikin dashe ma na gani da yawa: a zo da 'yan jarida a dasa darbejiya, kafin sati biyu akuya ta yi kalaci.

Maƙerar kakana tana nan, ɗan baffana ke zaune a kanta, ko da yake rabin aikinsa ya koma walda. Da Sallar bara na same shi ya zazzage buhun gawayin da ya sayo a kasuwa a kan tabarma, yana tsinta ɗaya-ɗaya. Ya ɗauki guda ya buga a jikin uwar maƙera, ya kasa kunne. Wanda ya yi "ɓus" ya jefa gefe, na matarsa ne. Wanda ya yi ƙara siririya kamar ƙarfe ya sa a ƙwarya. Na zauna na taya shi. Da muka kai ƙarshen buhun, ƙwaryar ko rabi ba ta yi ba. Ya ce, "Yaya, riƙe mini zugazugin nan, akwai lauje biyu da za a zo karɓa kafin la'asar."