Tarihin Ɗumama Kejin Maciji a Ingila

Maciji dabba ce da jikinta ba ya samar da ɗumi da kansa, don haka da zafin muhallinta take dogara wajen motsi da narkar da abinci, kuma wannan ne ya sa macizan ƙasashe masu zafi da aka riƙa kaiwa Turai suka sha mutuwa cikin sanyin hunturu. A shekarar 1849 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin dabbobi masu jan ciki na farko a duniya, a zamanin da ake ɗumama irin waɗannan gine-gine da bututun ruwan zafi.

Babban sauyi ya zo ne ta hannun Joan Procter, wadda ta tsara sabon ɗakin da aka buɗe a 1927, inda ta yi amfani da wutar lantarki wajen ɗumama kejuna, ta kuma sa gilashi na musamman mai barin hasken ultrabayolet, wato sashen hasken rana da ido ba ya gani, ya shiga. Aikinta ya cancanci yabo matuƙa, domin daga irin wannan fahimtar masu kiwon maciji a gida suka koyi ɗumama gefe ɗaya na keji su bar ɗayan da sanyi, suna haɗa na'urar daidaita zafi don kada dabbar ta ƙone.