Hanyar Gabas da Takardunta: Yadda Matafiya Suka Koma Mazauna



Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin hanyar gabas, wato hanyar da kakanninmu suka bi da niyyar sauke farali. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, mafi yawan unguwanni da ƙauyukan Hausawa da ke Sudan, ba wanda ya baro Kano ko Katsina da niyyar kafa su. Tafiya ce aka tsara ta ratsa ƙasa uku ko huɗu, sai guzuri ya ƙare, ko doka ta canza mutum yana tsakiyar hanya, aka ce bari a dakata zuwa baɗi. Mu ne jikokin wannan dakatawa.

Bari in fara da hanyar kanta. Mutum zai tashi daga Kano ya nufi Maiduguri, daga nan Dikwa, sai Kusuri a bakin kogi, ya haye zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Daga nan sai Abashe, sai Adare a kan iyaka, ya shiga Jinaina a ƙasar Darfur, ya wuce Alfashir, ya isa Al-Ubayyid inda layin dogo ya iso tun 1912. Mai kuɗi ya hau jirgin ƙasa zuwa Sawakin ko Fot Sudan, marar kuɗi ya ci gaba da sayyada. Tafiyar ta haura kilomita 3,000 kafin a ga Bahar Maliya. Kuma a lura, ba hannun hukuma ɗaya ake bi ba. Ka baro Ingilishi a Barno, ka faɗa hannun Faransa a Cadi, ka koma hannun Ingilishi da Masar a Sudan, sannan ka tarar da masu mulkin Hijaz. Wanda ya bar gida a 1922 da nufin shiga ƙasar Sharif Husaini, in ya yi shekara huɗu a hanya, to ƙasar Ibn Sa'ud zai tarar, domin a 1924 da 1925 Makka da Jidda suka canza hannu.

Kafin zuwan Turawa ma akwai sharuɗɗan wucewa. Akwai fito, akwai gaisuwar sarakunan Bagarmi da Wadai da Darfur, akwai wasiƙar da malami ko sarki zai ba ka ka nuna a gaba. Amma waɗannan duka ciniki ne na baki da baki, madugu ya san yadda zai yi. Abin da ya zo daga baya shi ne takarda mai hatimi da kwanan wata, wadda ba ta jin magiya.

Babban ayarin da ya buɗe sabon babi shi ne na hijirar 1903. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kama hanyar gabas da ɗimbin jama'a, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar mutane har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Ingilishi sun bar su sun zauna, amma hankalinsu bai kwanta da wannan hanya ba, saboda tsoron Mahadiyya. A ganinsu duk mai zuwa gabas zai iya dawowa da wasiƙu da aƙidar tawaye. Shi ya sa Palmer, wanda ya yi Razdan a Barno, ya bi hanyar da kansa daga Maiduguri har Jidda ya rubuta rahoto a 1919, daga baya kuma aka tura wani jami'in mai suna Lethem ya sake bin sawun mahajjata a tsakiyar shekarun 1920. A 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu aka kai shi Buea a Kamaru. Ni a fahimtata, fasfon alhazai na farko a ƙasarmu an yi shi ne don a san wa ya fita da wa ya dawo, jin daɗin alhaji kuwa daga baya aka tuna da shi.

To, ina dokar ta fi cizo? A bakin teku. Hukumar Sudan ta ce duk mai haye wa Jidda sai ya bi ta Sawakin, a yi masa allura, a killace shi na wasu kwanaki, ya riƙe takardar alhaji, kuma ya ajiye kuɗin dawowa. A shekarun 1930 gwamnatin Najeriya ta shigo da nata tsarin, mutum ya karɓi fasfo ya ajiye kuɗi tun kafin ya bar ƙasa. Ka duba halin talakan da ya baro gida kafin wannan tsari, ya shekara uku yana tafe yana ƙodago, ya iso bakin teku aka tambaye shi takardar da ba a ƙirƙiro ta ba ranar da ya yi sallama da iyayensa. Ko dai ya bi barauniyar hanya ta Masawwa ko wani lungu na gaɓar teku, ya hau sambuk, wato jirgin katako, cikin dare, inda wasu suka nutse, wasu aka yasar da su a gaɓar da ba ruwa ba gari. Ko kuwa ya juya baya ya nemi aiki ya tara kuɗin.

Aikin kuwa yana nan yana jira. A 1925 aka gama madatsar ruwan Sinnar aka buɗe gonakin audugar Jazira, ana neman hannu ido rufe. Kakana na wajen uba, Allah Ya jiƙansa, a nan tafiyarsa ta tsaya. Ya ce kaka ɗaya zai yi. Kaka ta biyu matarsa ta haihu, ta uku ya sayi jaki, ta huɗu aka ƙara kuɗin jirgi. Ya rasu a wani ƙauye kusa da Wad Madani, kuma har ya koma ga Allah in aka tambaye shi sai ya ce shi matafiyi ne. Kusan kowane gida cikinmu yana da irin wannan labari, har wani masani mai suna Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 a kan yadda jikoki na uku da na huɗu a Jazira ke ɗaukar kansu mahajjatan da ke kan hanya.

Yanzu ga inda takarda ta yi mana illar da ta fi ta bakin teku. Da Sudan ta zo fayyace wane ne ɗan ƙasa, a dokar 1948 da kuma ta 1957 bayan samun 'yanci, sai aka sa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Wato kafin Turawa su ci Umdurman a 1898. Ka ga ke nan mutanen hijirar 1903, da duk wanda ya biyo bayansu, sun makara da 'yan shekaru. Mutum an haife shi a Gadarif, an haifi ubansa a Sinnar, bai taɓa ganin Kano ba, amma in ya je neman jinsiyya sai a ce masa Fallata ne ko Takari, ya kawo shaidu. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, mutane da yawa suka samu sauƙi, sai dai tambayar “wace ƙabila?” ba ta bar bakin ma'aikatan ba. Wasu dangin sun samu takardar Sudan, wasu sun riƙe ta Najeriya, wasu kuwa ba su da ko ɗaya, kuma a gida guda sai ka samu duka ukun.

A can gida kuma hanyar tana ta sauya kama. A 1948 su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda sunanta ya bi unguwar Wapa ta 'yan canji a Fagge, aka koma tafiya a mota, shekaru suka koma watanni. Sai jirgin sama ya zo, watanni suka koma awoyi. Yaƙin basasar Cadi, wanda ya kai cikin Injamena a 1979, ya sa bin ƙasa ya zama kasada. A 1975 aka kafa hukumar alhazai ta tarayya, a 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da ƙa'idar kujera 1,000 ga kowane mutum miliyan ɗaya, a 2006 kuma aka kafa NAHCON da ke nan Abuja. Daga nan hajji ya zama kujera da biza, ba wanda zai ce ya tafi yana tafe yana nema.

Amma canjin doka a tsakiyar tafiya bai ƙare ba. A 1996 Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga saboda annobar sanƙarau, mutane sun riga sun yi sallama sun tare a sansani. A watan Satumbar 2012 aka tsare mata alhazai kusan dubu a filayen jirgin Jidda da Madina a kan batun muharrami, aka dawo da da yawa daga cikinsu. A Nuwambar 2023 jirgin Air Peace ya sauka Jidda da fasinja 264 daga Legas da Kano, aka ce an soke bizarsu, bayan sa bakin jami'an Najeriya aka bar 87 suka shiga, 177 suka juyo. Bambancin waɗannan da kakana shi ne, shi da aka tare shi ya samu gonar auduga ya jira. Na yau ba shi da inda zai jira sai benci a filin jirgi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan dogon tarihi shi ne abin da muka gani da idonmu a 2023. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun RSF, filin jirgi ya rufe tun ranar farko. Gwamnatin Najeriya ta yi hayar motocin safa don kwashe ɗalibai da sauran 'yan ƙasa, aka tsara a bi ta arewa a shiga Masar, a hau jirgi a Aswan. A takarda tsari ne mai kyau. Da motocin suka isa iyakar Arƙin sai Masar ta ce ɗan Najeriya ba ya shiga ƙasarta ba biza, yaƙi ko ba yaƙi. Yara suka kwana da kwanaki a hamada, ruwa ya yi wuya, iyaye a nan suna ta kiran waya ba ta shiga. Sai da Shugaba Buhari ya sa baki sannan aka buɗe, bisa sharaɗin daga iyaka sai filin jirgi. Rukunin farko, mutum 376, suka sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja daren 3 ga Mayu. Waɗanda suka rage aka karkatar da su gabas zuwa Fot Sudan, aka riƙa ɗebo su daga can, har adadin ya haura 2,000. A wannan tashar ce kuma jiragen ruwan Saudiyya suka riƙa kwasar dubban baƙi zuwa Jidda kyauta. Tekun da kakanninmu suka shekara ashirin suna tara kuɗin haye shi, sai ga shi ana haye shi da fasfo kawai, in fasfon na ƙasar da ta dace ne.

Nan ne rabuwar takardun danginmu ta fito fili. Mai fasfon Najeriya ya hau motar gwamnati. Mai fasfon Sudan, in mace ce ko yaro ko dattijon da ya haura hamsin, a makonnin farko yana shiga Masar ba biza, albarkacin yarjejeniyar 2004 tsakanin ƙasashen biyu, amma saurayi sai ya je Wadi Halfa ya bi layi. Ranar 10 ga Yunin 2023 Masar ta ce kowa sai da biza. Wata 'yar gwaggona ta haye da 'ya'yanta ƙanana kafin wannan rana, mijinta da babban ɗansu suka tsaya layi, mahaifiyar mijin kuma ta taso daga baya ta tarar ƙofar da surukarta ta bi ta rufe. Gida ɗaya ya kasu uku a kan tafiya ɗaya. Marasa takarda kuwa ba su ma nufi iyaka ba, suka gangara Madani, da ita ma ta faɗi a Disambar 2023 suka ƙara gaba zuwa Sinnar da Gadarif da Kasala. Ta yamma kuma, mutanen Jinaina suka kwarara Adare a ƙafa, kan turbar da ayarin alhazai ya bi shekara ɗari da suka wuce, sai dai fuska ta juya.

Wanda ya iso nan gida ma da sauran aiki. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan Najeriya ne in uwa ko uba ɗan ƙasa ne. To jikan jikan mutumin da ya fita kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914, ta ina zai kamo zaren? In ka je neman fasfo za a tambaye ka takardar shaidar ƙaramar hukuma, kai kuwa abin da ka gada shi ne “mu mutanen Kano ne, ta wajen gabas”. Na raka wani tsoho wani ofis a kan wannan magana, Hausarsa ta fi ta ma'aikacin tsufa da tsabta, amma aka ce ya je ya nemo mai unguwar da zai shaide shi. Masu sa'a su ne waɗanda kakanninsu suka riƙe sunan ƙauye da na gidan da aka fito, aka je aka tarar da dangi suka karɓe su.

Ga masu shirin ɗauko 'yan'uwa masu fasfon Sudan, a sani cewa tun 1 ga Mayun 2025 Najeriya ta daina ba da biza a filin jirgi, ta koma ta intanet, sai an nema an samu kafin a taso. Kuma a duba dokar kowace ƙasar da za a yada zango, ko Alƙahira ko Adis Ababa ko Injamena, ranar da za a sayi tikiti, a sake dubawa ana gobe tafiya, a haɗa da katin allurar shawara. Ni kuma ina roƙon duk wanda ke da tsohuwar takardar alhaji ta kakansa, ko rasiɗin Sawakin, ko wasiƙar da aka aiko daga gida da ajami, ya adana ta ya ɗauki hotonta, domin a cikin irinsu ne akan samu sunan garin da aka fito.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, Ya zaunar da Sudan lafiya.